Tambayi Likita: Hawan jini da ƙiba a tsakanin mata baƙar fata a Amurka

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk daga Amurka suka zo, kuma magana ɗaya suke kewayawa. A ƙasar, fiye da rabin mata baƙar fata da suka haura shekara 20 suna da hawan jini. Yakan kama su da wuri fiye da sauran mata, ya kuma fi yi musu ɓarna a ƙoda da zuciya da ƙwaƙwalwa. Kusan huɗu cikin biyar kuwa nauyinsu ya wuce yadda ake so. Mun taƙaita wasiƙun, mun cire sunaye.

Assalamu alaikum, Likita. Shekarata 46, nauyina kilo 104. An auna ni an samu 148 bisa 94, likitana ya ce in rage ƙiba. Na sha gwadawa, in rage kilo uku in mayar da biyar. Ke nan jinina ba zai sauka ba sai na rame? Daga wata uwa a Atlanta.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Jininki zai iya sauka tun sikeli bai motsa ba, kuma ba lallashinki muke yi ba, an gwada an gani. A 1997 aka fitar da sakamakon wani bincike da ake kira DASH. Mutum 459 aka ɗauka, kusan kashi 60 cikin ɗari baƙar fata. Masu binciken su suka riƙa ba su abinci, suna auna shi yadda babu wanda zai rame ko ya ƙara ƙiba, gishirin ma ba su rage ba. Abin da ke cikin kwanon kawai suka sauya: ganye da kayan marmari da yawa, madara marar maiƙo, hatsin da ba a cire masa dusa ba, wake, kifi da kaza, sai jan nama da kayan zaƙi kaɗan. Cikin mako biyu awo ya fara sauka. Bayan mako takwas, masu hawan jini lambarsu ta sama ta ragu da kusan 11, ta ƙasa da 5 da rabi. Baƙar fata masu hawan jini su suka fi kowa cin moriya, tasu ta sama ta sauka da kusan 13. Ƙwayar magani guda ɗaya ma abin da takan yi ke nan.

Ga ma'aunin ga mai cin kalori 2,000 a rana. Kayan lambu awo 4 zuwa 5, awo ɗaya shi ne rabin kofi na dafaffe ko kofi guda na ɗanyen ganye. Kayan marmari 4 zuwa 5, kamar lemo ɗaya ko ayaba matsakaiciya. Hatsi 6 zuwa 8, awo ɗaya yankan burodi guda ne ko rabin kofin dafaffiyar shinkafa. A nan mutane suka fi ruɗuwa, domin faranti ɗaya na shinkafa da aka cika yakan kai awo huɗu. Madara ko yogot marar maiƙo kofi 2 zuwa 3. Nama, kaza ko kifi kada ya wuce giram 170 a yini, wato yanka biyu masu faɗin tafin hannunki. Wake, gyaɗa da danginsu sau 4 zuwa 5 a mako. Ke da kike son rage nauyi, ki tsaya a hatsi 6, naman kuma ki rage shi kusan rabi, ki bar ganyen yadda yake.

Ba baƙon abinci muke aika ki nema ba. Wake mai baƙin ido, kuɓewa, dankali mai zaƙi da ganyen kolad, dangin kabejin nan da ake ji da shi a kudancin Amurka, duk suna cikin tsarin. Hanyar dafuwar ce takan ɓata su. Ganyen da aka dafa da kyafaffen nama mai gishiri amfaninsa yana raguwa. Wani bincike a Amurka mai suna REGARDS ya nuna a 2018 cewa cimar kudu, wato soye-soye da sarrafaffen nama da lemon kwalba, ita ce kan gaba cikin dalilan da aka auna da suka sa hawan jini ya fi kama baƙar fata.

Abubuwa biyu sukan sa mata su watsar da tsarin a makon farko. Na ɗaya kumburin ciki, idan an ƙara wake da ganye a tashi ɗaya. Ki ƙara awo guda kowane kwana uku ko huɗu, ki sha ruwa sosai. Na biyu madara: baƙar fata da yawa cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta, sai murɗa da gudawa. Yogot ya fi sauƙi, akwai kuma madarar da aka cire wa wannan sukari.

Batun nauyi kuwa, ki sauke burin. Kowane kilo ɗaya da kika rage yana sauke lambar sama da kusan 1. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyinki ake nema cikin wata shida, a gare ki kilo 5 zuwa 10 ke nan, ƙasa da rabin kilo a mako. Hakan yana samuwa da rage kalori kusan 500 a rana. Gwangwanin lemo ɗaya na mililita 355 yana ɗauke da sukari giram 39 da kalori 140, alhali Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka giram 25 ta yanke wa mace a yini. Horon yunwa shi ke jawo abin da kika faɗa, a rage uku a mayar da biyar, saboda tsoka ke tafiya tare da kitse, yunwa kuma ta dawo da ƙarfinta. Ki riƙa auna ƙugu ma, a saitin saman ƙashin kwatangwalo. Idan ya haura santimita 88 akwai kitsen ciki, kuma shi ya fi alaƙa da hawan jini.

Abu ɗaya kada ki yi: 148 bisa 94 mataki na biyu ne na hawan jini a ƙa'idar Amurka. Idan an rubuta miki magani ki fara sha yanzu, abincin ya tafi tare da shi.

Likita, wata uku ke nan ban sa gishiri a girkina ba, amma awo bai sauya ba. Wata ƙawata ta ce in koma gishirin Himalaya mai ruwan hoda. Daga wata ma'aikaciya a Shikago.

'Yar'uwa, ƙawarki da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma gishirin Himalaya da na teku da na tebur duk sodiyam ne, bambancinsu launi da tsada. Abin tambaya shi ne sau nawa kike cin girkin naki. A Amurka fiye da kashi 70 cikin ɗari na sodiyam da mutane ke ci daga abincin kanti da na gidajen abinci yake zuwa: burodi, yankakken naman sanwic, tsiran alade da na kaza, fiza, miyar gwangwani, dunƙulen ɗanɗano, haɗaɗɗen kayan ƙanshi. Har ɗanyar kaza wani lokaci an yi mata allurar ruwan gishiri kafin a naɗe ta.

Matsakaicin Ba'amurke yana cin sodiyam miligiram 3,400 a rana. Iyakar da aka sa 2,300 ce, daidai da cokalin shayi ɗaya na gishiri, ga mai hawan jini kuma 1,500 aka fi so. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 2,000. Ki riƙa juya kwali ko gwangwani ki karanta layin sodiyam. Kashi 5 cikin ɗari na iyakar yini zuwa ƙasa kaɗan ne, kashi 20 zuwa sama ya yi yawa. Amma ki fara duba awo nawa ke ciki. A ce an rubuta miligiram 800, gwangwanin kuma awo biyu ne, kin shanye shi kin sha 1,600. Waken gwangwani ki tsiyaye ruwansa ki ɗauraye a matsami, hakan yana rage masa sodiyam har kusan kashi 40.

Wahalar tana biya, musamman gare ku. Ƙodar baƙar fata da yawa tana riƙe gishiri fiye da ta sauran mutane, gishiri ya riƙe ruwa, ruwan ya cika jijiya. Shi ya sa a bincike na biyu na DASH, a 2001, da aka haɗa tsarin da rage sodiyam, baƙar fata da mata suna cikin waɗanda jininsu ya fi sauka. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni. Kafin nan ki nemi ɗanɗano a tafarnuwa, albasa, citta, barkono da ruwan lemon tsami.

Akwai gishirin da aka maye wani sashensa da fotasiyam. Yana aiki: a Sin an gwada shi a kan mutum kusan 21,000, sakamakon 2021 ya nuna raguwar shanyewar ɓarin jiki da kashi 14. Sai dai ba na kowa ba ne. Mai ciwon ƙoda, ko mai shan maganin hawan jini irin su lisinofril, losatan ko sifironolakton, fotasiyam zai iya taruwa a jininta har ya rikita bugun zuciya, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Kada ki saya sai likita ya duba ƙodarki.

A asibiti kullum 160 ake samu, har ɗamarar awon ta riƙa ɓallewa daga hannuna. Damtsena babba ne. Anya awon nan daidai ne? Daga wata baiwar Allah a Hiyuston.

Shakkarki tana kan hanya, Malama. Ɗamarar da ta yi wa damtse kaɗan tana ƙara lamba. A 2023 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun gano cewa idan aka ɗaura matsakaiciyar ɗamara ga mai bukatar mafi girma, lambar sama takan ƙaru da kusan 20. Wannan ya isa a ƙara wa mace maganin da ba ta bukata, ta riƙa jiri tana faɗuwa.

Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Santimita 27 zuwa 34, matsakaiciya. 35 zuwa 44, babba. 45 zuwa 52, mafi girma. Ki riƙe lambarki, ki faɗe ta a asibiti ba tare da jin nauyi ba, haƙƙinki ne. Idan babu wadda ta zauna, a yi da na'urar wuyan hannu, a riƙe ta saitin zuciya.

A gida: babu kofi ko motsa jiki minti 30 kafin awo, ki yi fitsari tukuna, ki zauna minti biyar bayanki a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba. Hannu a kan tebur saitin zuciya, ɗamara a kan fata ba kan riga ba. Hannun da aka bari yana lilo ko aka ɗora a cinya yana ƙara lamba. Ba magana, ba waya. Awo biyu, minti ɗaya tsakani, safe kafin magani da kuma yamma, kwana bakwai. Ki rubuta duka ki kai wa likita. Tun 2017 ƙa'idar Amurka ta mayar da farkon hawan jini 130 bisa 80, ƙasa da haka ake nema.

Idan kika ga sama da 180 bisa 120, ki huta 'yan mintoci ki sake. In bai sauka ba ki kira likitanki a ranar. In akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko dishi-dishin gani, ki kira lambar gaggawa ta 911 nan take.

Ina jin kunyar faɗa, amma gashina ne ke hana ni motsa jiki. Gyaransa kuɗi ne da lokaci, gumi kuma ya lalata shi. Ga ciwon gwiwa. Daga wata ɗaliba a Baltimo.

Babu abin kunya, ƙanwata. Wani bincike da aka buga a 2013 ya samu kusan mata baƙar fata huɗu cikin goma sun taɓa barin motsa jiki saboda gashi, kuma Dokta Regina Benjamin ta fito ta yi magana a kai lokacin tana babbar likitar gwamnatin Amurka. Kitso ya fi jure gumi, muddin ba a ja shi da ƙarfi ba, domin matsattsen kitso yana cinye gashin goshi. Ki ɗaura ƙyallen satin ko maɗaurin da ke tsotse gumi, kada ki cire sai kan ya bushe. Motsin da zai sa ki jiƙe sosai ki ajiye shi zuwa jajiberin ranar wanke kai.

Abin da ake nema minti 150 ne a mako na tafiya da sauri, saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Yana sauke lambar sama da 5 zuwa 8 ga mai hawan jini. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba: minti goma bayan kowane cin abinci ya ba ki talatin, kuma da wuya ya jiƙa miki kai. Don gwiwa, keken da ba ya tafiya da motsa jiki cikin ruwa sun fi sauƙi. Ki ƙara kwana biyu na ƙarfafa tsoka, kamar tashi da zama daga kujera sau goma, a huta, a maimaita sau uku, kada ki riƙe numfashi. Ƙarfin cinya shi ke ɗauke wa gwiwa kaya. Idan tafiya ke kaɗai ce ke gundurar ki, ƙungiyar GirlTrek don mata baƙar fata aka kafa ta, suna fita tafiya rukuni-rukuni a birane da yawa.

Ina shan lisinofril shekara biyu, busasshen tari ya addabe ni. Muna neman haihuwa ni da maigidana. Ina kuma da ƙari a mahaifa, duk wata sai na sha ibufurofen. Daga wata amarya a Niyok.

Amarya, wasiƙarki ce ta fi gaggawa. Ki ga likita a wannan makon. Lisinofril da danginsa, har da losatan, suna lalata ƙodar ɗan tayi, ba a shan su da juna biyu. Kafin ciki ya shiga ake sauya su da labetalol ko nifedifin. Kada ki dakatar da kanki ki zauna babu magani, canji ake yi. Tarin ma daga shi ne, in an sauya zai tafi. Wannan rukunin magani yana kuma jawo kumburin leɓe da harshe, abin da ya fi samun baƙar fata ninki uku ko fiye, kuma in ya faru asibiti ake nufa a lokacin.

Ga wadda ba ta neman ciki, tsohuwar ƙa'idar Amurka ta 2017 ta fi karkata ga amlodifin ko maganin sa fitsari irin su kulotalidon a matsayin na farko ga baƙar fata, sai fa in akwai ciwon ƙoda ko raunin zuciya. Binciken CREOLE, da aka yi a ƙasashe shida na Afirka aka buga a 2019, shi ma ya samu haɗin da ke da amlodifin ya fi sauke jini.

Ibufurofen, nafroksen da dikulofenak suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, suna kuma rage ƙarfin maganin hawan jini. Farasitamol ya fi aminci, amma ƙarin kansa ya kamata a duba, tare da auna ko kina da ƙarancin jini saboda yawan zubarsa.

Idan Allah ya kawo rabo, ki sani mace mai hawan jini da ƙiba tana cikin haɗarin hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga. A Amurka mata baƙar fata suna rasuwa a dalilin ciki da haihuwa kusan ninki uku na fararen fata. Ki tambayi likita batun asfirin miligiram 81 a kullum daga mako na 12. Ciwon kai mai tsanani, ganin walƙiya, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko kumburin fuska ba laulayi ba ne, ko da bayan haihuwa ne. In an ce ki koma gida alhali jikinki bai yarda ba, ki nemi a sake awo, ki nemi wani likitan, ki tafi da wanda zai yi magana a madadinki.

Mahaifiyata tana shan magani iri uku amma jinin bai sauka ba. Tana minshari sosai, tana gyangyaɗi da rana, ga aiki, ga renon jikoki. Daga wata 'ya a Filadelfiya.

Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da kula da ita. Ruwa ba ya tsami banza. A fara tabbatar da cewa tana shan magungunan kullum kuma ɗamarar awo ta dace da ita. Daga nan a nemi gwajin barci. Minshari da gyangyaɗi ga mai ƙiba alamar yankewar numfashi ne cikin barci: maƙogwaro ya rufe, iska ta ragu, jiki ya firgita, jini ya hau, sau da yawa a dare ɗaya. Binciken zuciya na Jackson a jihar Misisifi, wanda ke bin baƙar fata sama da 5,000 tun shekarar 2000, ya samu mafi yawan masu wannan lalura ba a taɓa gano musu ita ba. Ki saurare ta da dare, in kin ji numfashin ya tsaya sannan ta shaƙo shi da ƙarfi, ki faɗa wa likita haka.

A auna mata sinadarin aldosteron da renin a jini, domin yawan aldosteron sananne ne a irin wannan hawan jini mai taurin kai, kuma yana da maganinsa. A duba ƙoda ta jini da ta fitsari. Ki tattara duk abin da take sha ko shafawa a jaka ɗaya ku tafi da shi: maganin mura mai buɗe hanci, maganin ciwon gaɓɓai, shayin rage teɓa, man bilicin. Wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, fata ta tsotse shi, ya kawo ƙiba da hawan jini da ciwon sukari.

Ɗawainiyar kuma kada a raina ta. Tun 1992 Farfesa Arline Geronimus ta bayyana yadda doguwar wahala da wariya ke tsufar da jikin mata baƙar fata kafin lokacinsu. Uwa irin taki ba za ta ce ta gaji ba. Ku 'ya'yanta ku raba renon a tsakaninku, ku tsare mata barcin awa bakwai, ɗaya daga cikinku ya riƙa raka ta asibiti.

Allurar rage ƙiba fa, Likita? Daga wata mai karatu a Minisota.

Tana aiki, Hajiya. Semaglutaid, da aka amince da ita don ƙiba a 2021 da sunan Wegovy, ta rage wa mutane kusan kashi 15 cikin ɗari na nauyinsu a mako 68, jini ma yakan sauka. Ana farawa da kaɗan a riƙa ƙarawa duk mako huɗu saboda tashin zuciya da amai. Waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a shekara guda, don haka ki ɗauke ta maganin dogon lokaci, ki kuma bincika ko inshorarki za ta ci gaba da biya. Ba a yin ta da juna biyu, ana dainawa wata biyu kafin neman ciki. Mai tarihin wani nau'in kansar maƙoƙo a danginta ba a ba ta. Kada ki saya ta intanet babu takardar likita. Yayin da nauyi ke sauka ki ci gaba da awo a gida, in kika fara jin jiri idan kin miƙe tsaye, ki kai wa likita lambobin ya duba ko lokacin rage maganin hawan jinin ya yi.